Wa Ya Hura Wutar?

Tongxin, farkon bazara

Zuwa ga ƙanena Yunusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Hongyu, da aikin shagon taliya. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta fita daga sanyin bana da tari, ya yi sauƙi amma bai tafi ba, kuma ƙafafunta suna kumbura da yamma. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ban ƙara a kan abin da ya faɗa ba, ban kuma rage ba.

Tunda in na kira ba ka ɗauka, sai dai ka turo "ina aiki," na ce bari in koma takarda in sa ta cikin kwalin nan. Akwai jan magarya da 'ya'yan goji da ganyen shayi. Magaryar Inna ce ta tsince ta ɗaya bayan ɗaya, kada ka rabar wa ma'aikata duka.

Zan ba ka wani labari, kada ka yi mini dariya. Ka tuna dogon labarin nan da ka sa wa Baba a waya, wanda yake kunnawa a kan gadon tubali yana ƙyaƙyatawa shi kaɗai? Wayar tana akwati tun rasuwarsa. Watan jiya Inna ta ce in ciro ta. Ta ce, "Na tsufa tare da mutumin nan, ban taɓa ba shi dariya irin wadda abin nan ya ba shi ba. Ina so in ji me ke ciki." Muryar na'ura ba ta shiga kunnenta, saboda haka ni nake karanta mata bayan la'asar.

Da farko na ji nauyi. Mutane suna hawa takobi suna tashi sama, wani ya shekara ɗari uku, wani ya ce zai ja da sama kanta. Na je masallacin mata na tambayi Malama. Ta ce, "Kin gaskata?" Na ce a'a. Ta ce, "Yana hana ki salla?" Na ce a'a. Ta ce, "To tatsuniya ce, karanta wa tsohuwa. Inda suka yi saɓo ki yi istigfari ki wuce." Haka nake yi. Wani babin istigfarin kan yi yawa har Inna ta ce, "Ke Shulan, karatu za ki yi mini ko wuridi?"

Amma ba takubban ne suka ba ni mamaki ba, Auta. Mutanen ne. Ban san cewa in ka taɓa layi da yatsa maganganun masu karatu za su zubo ba. Ranar da maraya Pei Song, yaron labarin, ya isa ƙofar malami Tsoho Meng ba ko takalmi, matar malamin ta zuba masa kunun gero ta ce ya sha a hankali, sai yatsana ya taɓa layin bisa kuskure. Sai ga jama'a. Wani ya ce, "Ina cikin motar ma'aikata, ban karya ba, a zuba mini ni ma." Wani ya ce, "Kada ku saba da tsohon nan, marubucin nan ba shi da tausayi." Wata ta ce karo na huɗu ke nan tana dawowa don kunun kawai.

Ka san littattafan da na tashi a kansu. Ba mai rubutu a gefen shafi sai malami, shi ma sai gemunsa ya yi fari. Nan kuwa direba da mai gadi da ɗalibi, kowa yana da gefensa. Subhanallah. Ashe duk wannan taron suna zaune tare da Baba a kan gadon nan, mu muna ganinsa shi kaɗai.

A kaka Baba zai cika shekara uku da rasuwa. Za a soya gurasar mai, a kira liman, a je kabari kamar yadda aka saba. Inna ba ta ce in tambaye ka komai ba. Ta dai tambaye ni, ba sau ɗaya ba, ko jirgin ƙasan da ke zuwa daga wajenku yana nan har yanzu.

Allah ya tsare ka. Ka gaida Hongyu.

Yayarka,
Shulan

*

Ningbo, tsakiyar bazara

Yaya Shulan,

Wa alaikumus salam. Kwali ya iso. Muna lafiya, sai dai kafaɗa, kullum ana jan ƙullu. Magaryar na ɓoye ta a bayan buhun fulawa, Hongyu ta gano, yanzu saura rabi. Allah ya ba Inna sauƙi. Ki riƙa ɗora mata ƙafafun a kan matashi.

Yaya! Ke da ko talabijin aka kunna sai kin juya fuska, ke ce yau a cikin masu hawa takobi? Na karanta takardarki a bakin tukunya na yi dariya har wani mai cin taliya ya tambaya ko an yi mini haihuwa. Barka da shigowa. Bari in gargaɗe ki tun yanzu: za ki ga suna cewa za su aika wa marubuci reza a cikin kwali. Kada ki tafi wurin Malama a kan wannan, ba wanda zai yanka kowa. Haka muke cewa in ya kashe mana mutum. Ni kaina na yi alkawarin aika masa dozin.

Amma kada ki sa Pei Song a ranki. Yanzu yaro ne mai ladabi, yana share tsakar gida, kowa na sonsa. Ki jira ya shiga kogo. Ba zan ɓata miki ba, amma ni tun daga wannan babin ba na kiransa da suna. Duk inda ya fito sai na bar masa zagi a ƙasan layi, har mutane sun san ni. In na yi shiru kwana biyu sai wani ya rubuta, "Ina mai taliyar nan, ko ya mutu?"

In kun kai wurin, ki rubuto mini abin da Inna ta ce. Kalma da kalma, yadda kika iya, kada ki sa masa zuma.

Maganar jirgi kuma na gane. Yaya, na hau jirgin nan sau ɗaya da gudu, lokacin rasuwar Baba. Babu kujera, a tsaye na yi tafiyar tsakanin tarago. Na iso na tarar ƙasa ta rufu, mutane suna wanke hannu. Da kun jira zuwa la'asar da na sa kafaɗata a makara. Ɗa namiji ɗaya tal, maƙwabta ne suka saukar da ubansa. Ba na zargin kowa. Amma ban san da wace fuska zan bi lungunmu ba. Kaka kuma lokacin ciniki ne, ba a rufe shago. Za mu gani.

Ƙanenki,
Yunusi

*

Tongxin, farkon zafi

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kafaɗar ta yi sauƙi, ka shafa mata man ridi da ɗumi. Inna tana nan. Kwana biyu ta yi sallarta a zaune, yau ta tashi tsaye, alhamdu lillahi.

Jiya muka kai.

Tun da Pei Song ya ce wa malaminsa zai shiga halwa a kogo shekara uku ya fito da ƙarfin da zai kare makarantarsu, Inna ta ce, "Uhm." Da dutse ya rufe bakin kogon ta sake cewa, "Uhm." Da ya buɗe ido ya ga gashinsa ya kai ƙasa, ya fito ya tambayi mai saran itace, aka ce masa shekara sittin, sai ta ajiye kofin shayinta. Na karanta yadda ya hau gangaren da ke zuwa makarantar, ya ga tudun ƙasa a ƙarƙashin itacen nan da Tsoho Meng yake zama, ciyawa ta rufe shi. Ya durƙusa, ya buga goshi a ƙasa sau uku, bai yi kuka ba. Ya zare takobi ya hau, ya nufi gabas bai waiwaya ba.

Sai na taɓa layin kabarin.

Yunusi, ban san yadda zan faɗa maka ba. Na yi zaton zagi zan gani, kuma akwai shi, na ma ga naka, Allah ya shirye ka. Amma ƙarƙashin zagin abin ba ya ƙarewa. Ina ja da yatsa, ina ja, kamar mai tafiya a maƙabartar da ba ta da katanga. Dubbai a kan dubbai. Da yawa hoton kyandir kawai suka ajiye suka wuce. Wasu kuwa sun yi magana, kuma ba da Pei Song suke ba.

Wani ya ce, "Ina kan layin haɗa wayoyi a ma'aikata aka kira ni. Shugaban aiki ya ce in ƙarasa satin."

Wata ta ce, "Kakata. Na iso an riga an wanke kwanuka."

Wani ya ce, "Ranar share kaburbura ba na samun hutu. Duk shekara nan nake zuwa in ɗan tsaya."

Wani yaro, ina jin yaro ne, ya ce, "Tsoho Meng, na ci jarrabawa. Na zo in faɗa maka ne don ba ni da wanda zan faɗa wa."

Tsoho Meng bai taɓa rayuwa ba. Wani mutum ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙago shi. Amma ga shi an yi masa kabari da layi ɗaya, rabin ƙasar nan suna zuwa suna sauke nasu mamatan a kai. Kyandir ba al'adarmu ba ce, ban ajiye ba, kuma ba zan yi wa wanda babu shi addu'a ba. Na rufe wayar na yi wa Baba, na haɗa da duk wanda ya rasu nasa suna kan hanya. Abin da nake so ka gani ke nan, Auta. Kana cewa ba ka san da wace fuska za ka bi lungu ba. Jeka ka duba yawan masu irin fuskarka.

Ka ce in rubuto maka maganar Inna kalma da kalma, kuma na ɗauka amana ce. Na gama karanta mata. Sannan ta ce: "Zuwan banza. Ya buga goshi a ƙasa ya tashi ya tafi. Mai irin wannan zuwa gara ya zauna a kogonsa." Ta juya ta fuskanci bango, ta ce in bar karatun haka.

Mai karɓar kwali yana bakin ƙofa yana danna ƙaho, dole in tsaya nan.

Yayarka,
Shulan

*

Ningbo, ƙarshen zafi

Yaya Shulan,

Salamu alaikum. Hongyu ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, a kan teburin yanka albasa nake yi. Muna lafiya a jiki. Yaya Inna?

Takardunki biyu na baya sun iso, suna nan bai buɗe ba, shi ya sa kika ji shiru. Tun da ya karanta waccan ta kabari mutumin nan ya zama bango. Yana jan taliya tana tsinkewa. Wanda ke cika shago da surutu har masu ciniki su ce a rage, yanzu "to" ma sai na roƙa. Labarin ma ya daina buɗewa, ga mutanensa na waya suna ta cigiyar mai taliya.

Na ce masa, "Kai, in mutuwa za ka yi ka gaya mini in nemi mai ja." Bai ko harare ni ba. Sai na ciro takardar daga aljihun rigarsa na karanta. Ki yafe mini, ba ni da irin tsantseninki.

Yaya, kin san abin da ya ji? Shi ma ai haka ya yi ranar jana'izar Baba. Daga tasha ya wuce maƙabarta, ya durƙusa, ya tashi ya koma tasha, ko ƙofar gida bai taka ba. Ya ce Inna ta aiko masa da hukuncinsa ta bakin ɗan kogo: ya zauna inda yake. Na ce tsohuwa da tatsuniya take, ya ce ban san Inna ba, ba ta jifa sai ta ga tsuntsu.

Da har ya fara tambayar wanda zai riƙe masa tukunya a kaka. Yanzu ya bari. In akwai abin da za ki faɗa, ki rubuto da sunana a bayan ambulan. Ni zan karanta masa da ƙarfi yana aiki, hannunsa cikin ƙullu, ba shi da abin toshe kunne.

Taku,
Hongyu

*

Tongxin, ƙarshen zafi

Zuwa ga Hongyu, don ta karanta wa mai toshe kunne,

Assalamu alaikum. Allah ya saka miki, ƙanwata. Inna ta yi kwana uku a asibitin gunduma saboda numfashi, an sallame ta, tana gida. Ta rame. Na faɗa don ku sani, ba don in tsorata kowa ba.

Yunusi, ba zan ce maka Inna ba da kai take ba. Ban sani ba, kuma ba na shaida a kan abin da ke cikin zuciyar wani. Abin da na sani shi ne maganar ba ta ƙare a ranar ba. Ƙarshenta ya zo bayan kwali ya tafi, kuma yana cikin takardun da ba ka buɗe ba. Ga shi kuma.

Washegari tana shan shayi ta ce, "Maimaita mini wurin nan." Na fara daga kabari. Ta ce, "A'a, baya. Lokacin da yake hawa gangaren." Na koma. Akwai wani layi da na karanta jiya ban ko ji shi ba: yana hawa, iska ta kwanta, wani siririn hayaƙi yana tashi daga bayan itatuwa, ta wajen tsohon madafi.

Inna ta ce, "Tsaya. Wa ya hura wutar?"

Na ce, "Inna, ado ne na masu rubutu."

Ta ce, "Ado? Ke kin taɓa ganin hayaƙi ya tashi don ado? Makaranta ta watse, almajirai sun tafi, malam yana ƙarƙashin ƙasa. Wa ya rage da zai tashi ya hura wuta a gidan nan in ba matar da ta zuba masa kunu ba? Ba cewa aka yi tun farkon labari malam ya raba ƙwayar maganin tsawon rai biyu ya ba ta rabi ba? Tana nan. Ya ga hayaƙin da idonsa. Ya je ya gaida wanda ba ya jin gaisuwa, ya bar mai kunne tana tsugune a bakin murhu. Shi ya sa na ce zuwan banza. Latti ba laifinsa ba ne, barci ne ya kwashe shi. Amma daga kabari zuwa madafi wa ya riƙe masa ƙafa?"

Na taɓa layin hayaƙin in ga me jama'a suka ce. Auta, layin kabari yana ɗauke da dubbai. Wannan kuwa mutum uku ne kacal, ɗaya ya ce "wuri mai kyau," biyu suna gardama a kan irin itacen.

Maganar jira kuma, tunda ka taɓo ta, bari in amsa sau ɗaya. Ka san abin da mutanenmu ke cewa, mamaci yana gaggawar ƙasa kamar yadda mai rai ke gaggawar zinariya. Liman ya tambaya ko a dakata maka. Inna ce ta ce kada a tsare shi saboda kowa, ko da Auta ne. Da maza suka fita da makara, ita ta shiga madafi ta hura wuta da kanta, ta ce yaron nan zai iso da yunwa. Ta murza taliya irin mai faɗin nan da kake so. Da aka zo aka ce an gan ka a maƙabarta ta zuba a tukunya. Sauran ka san shi.

Ba ta taɓa ambata wannan ba, ni ma ban so in ambata ba. In na yi kuskure da na faɗa, Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe.

Shulan

*

Ningbo, farkon kaka

Yaya,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Hongyu ta karanta, a gaban ma'aikata kuma, da muryar nan tata mai tsinka gilashi. Yaya numfashin Inna?

Na koma babin. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga, duk lokacin da nake son in zagi wani nan nake zuwa, amma wallahi ban taɓa ganin hayaƙin ba. Idona yana kan kabari.

Na yi wani abu ban nemi izini ba. Na taɓa layin na rubuta: "Mahaifiyata ba ta karatu, karanta mata ake yi. Ta ce in tambaye ku, wa ya hura wutar?"

Yaya, da kin ga abin da ya biyo baya. Yini na farko shiru, sai wani ya ce, "Mai taliya ya dawo, kuma ya haukace." Sai wata ta rubuta, "Ku tsaya. Matar malam." Daga nan kamar an fasa madatsar ruwa. Wasu suka koma babin farko-farko suka tono maganar rabin ƙwaya, suka kawo ta kamar masu kai shaida gaban alƙali. Wasu suka ce ƙarya ne, mafarauta ne suka sauka a kangon. Aka ce musu, "Mafarauci ya san inda madafi yake?" Wani ya ce, "Shekara biyar ina bin labarin nan, tsohuwa ta ji shi sau ɗaya ta fi ni." Wani ya ce, "Goggo, don Allah ki karɓi alƙalamin, wancan ya gaji." Masu reza sun ce yanzu kwali biyu ne, ɗaya na marubuci, ɗaya na Pei Song.

Amma akwai waɗanda ba su yi wasa ba. Ɗaya ya ce, "Na fita daga nan, zan kira uwata." Ya dawo ya ce, "Ta ɗauka tun bai gama ƙara ba." Mutumin nan da kika ba ni labari, mai zuwa ranar share kaburbura, na gane shi daga maganarsa. Ya ce, "Shekara nawa ina tsayawa a layin sama. Yau na sauko ƙasa kaɗan."

Marubucin bai ce uffan ba. Pei Song yana can sama ta bakwai yana faɗa da wani dodo mai kai tara. Amma yanzu duk sabon babi da ya fito, kafin a ce komai a kan dodon, sai ka ga an jera tambayar Inna a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar sahu. Ki gaya mata ta tayar da ƙura a ƙasa baki ɗaya daga kan gadonta.

Tambaya ɗaya, Yaya. Na aiko da tukunyar lantarki bara. Tana amfani da ita, ko har yanzu murhun nan take hurawa da safe?

Yunusi

*

Tongxin, ƙarshen kaka

Ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka isa lafiya, kuma wanda ya riƙe tukunyar bai kori masu ciniki ba. Inna tana nan yadda ka bar ta. Kumburin bai sauka ba, amma tana cin abinci, jiya har ta nemi ƙari. Rigar sanyinka ka manta a bayan ƙofa. Ta hana a aiko, ta ce mai ita ya zo ya ɗauka.

Ban amsa tambayarka ta tukunya ba, don na ga ba amsar takarda take so ba. Yanzu ka gani da idonka, tana kan kabad an rufe ta da kyalle, ana ajiye allura a ciki.

Akwai abin da ban faɗa maka ba duk kwanakin da ka yi, don ban ga fuskar faɗa a gabanka ba. Na gan ka ranar da ka iso. Na hau rufi ina juya barkonon da muka shanya, sai na hango mutum da jaka a bakin lungu, daidai inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi maƙabarta ɗaya ta yi gida. Ka tsaya. Inna tana madafi ta sa karan masara a murhu za a fara suyar gurasa, hayaƙi yana fita ta bututu. Na ga ka ɗaga kai kana kallonsa.

Na so in kira sunanka. Na so in sauka in gaya mata. Ban yi ko ɗaya ba. Na zauna cikin barkono ina karanta duk abin da ya zo bakina, idona yana ruwa, ban san ko yajin ne ba. Ban taɓa sanin lungunmu yana da tsawo haka ba sai da na ga kana tahowa a cikinsa.

Abin da ta ce da ka leƙa madafin kuwa, matan unguwa sun ɗauka suna ta yawo da shi. Ba ta ko juyo ba, tana juya gurasa a mai: "Shekara uku. To, ka fi ɗan kogo, shi sittin ya yi. Wanke hannu." Malama ta ji labarin ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta share ido.

Mun koma karatu bayan la'asar. Na tambaye ta ko mu bari, tunda saura babi fiye da dubu kuma har yau Pei Song bai waiwayi gidan malaminsa ba. Ta ce, "Ci gaba. Mu ga ko shi ma zai yi hankali kafin in tafi. In bai yi ba, ke ki jira shi."

Abu na ƙarshe. Ka san ban taɓa rubuta komai a gefen littafi ba, ban kai ba. Amma ranar da ka tafi na buɗe babin, na wuce kabarin, na taɓa layin hayaƙi. Yanzu shi ma ba a ganin ƙarshensa. Na daɗe ina tunanin abin da zan faɗa wanda babu ƙari babu ragi a cikinsa. Sannan na yi bismilla na rubuta:

"Namu ya shigo."

Yayarka,
Shulan